Wutar da Hancin Dada Bai Ji Ba

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wasu likitocin ido suka sauka a bayan garin Tambuwal. Suka kakkafa tantuna, suka girka wani inji mai gurnani da ke ba su haske. Da labari ya kai Kebbe, Malami ya ɗora mahaifiyarsa Dada a kan jaki, matarsa Hadijatu na biye da tukwane da tabarmi. Yanar ido ce ta rufe wa tsohuwar gani shekara da shekaru. Baki kam, Allah ya bar mata shi garau.

Aka yi aiki lafiya, aka naɗe idanun, aka ba su tanti guda su zauna har ranar kwancewa. Likita ya ja wa Malami kunne: kada hayaƙi, kada ƙura, in ba haka ba aikin ya tashi a banza.

To, magariba ta kawo jiki, wurin kuwa matattarar kunamu ne, ba a zama da makauniya cikin duhu. Hadijatu ta fiddo aci-balbal, Malami ya ce a'a, wannan ai uwar hayaƙi ce. Wani maƙwabci ya ara musu fitilar kananzir, suka gwada ta a waje, sai ga baƙin hayaƙi na tashi don lagwaninta ya ci. Malami na tsaye ya rasa tudun dafawa, sai ga Ɗangiwa mai kula da inji, da waya naɗe a kafaɗa.

"Maigida, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Yanzu in jawo maku wuta har cikin tanti, in rataye ta bisa kan tsohuwa."

Kash! Da ya sani ya yi ƙasa da murya.

"Mi ya ce?" Dada ta zabura daga kan tabarma. "Wuta? Bisa kaina? Cikin wanga ɗakin tsumma? Kai wanga, ɗaura ma jaki akumari!" Haka take kiran Malami, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Gara in mutu makauniya Kebbe da in ƙone da ido biyu Tambuwal."

Malami ya san halinta sarai, in ta ce tafiya, tafiya ce, ga hanyar Kebbe ƙura zalla. Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ya ce ba irin wutar murhu ba ce. Ɗangiwa ya ce bari ya taimaka: "Inna, ai wagga cikin waya take gudu."

"Kun ji ko! Har gudu take yi!"

Ta riga ta lalubo sandarta. Hadijatu ta karɓi ƙwan lantarkin da ke hannun Ɗangiwa, ta sa shi a tafin surukarta. Dada ta jujjuya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kunne ta girgiza.

"Ina lagwaninshi?"

"Babu, Dada," in ji Hadijatu.

"Ina ake zuba mai?"

"Ba shi shan mai. Ƙwai ma suke ce mashi."

Tsohuwa ta zauna, amma ba ta saki sandar ba. "Tunda idona ya mutu, ko tsinke anka ƙona ƙarshen unguwa sai hancina ya gaya man. Ku kunna. In na ji ta, ko kusa, na tafi, kuma kada wanda ya tare ni."

Ɗangiwa ya rataya ƙwan a sandar tsakiya, ya ɗaura waya, ya taɓa makunni. Tanti ya yi fes, har ana ganin zaren tabarma. Dada ta ɗaga hanci ta shinshina gabas, ta shinshina yamma, ta ce tanti na biyu an ƙona miya, kuma wani ya kunna taba a bakin hanya.

"To ku kunna mana, mi kuke jira?"

"Dada, ai tun ɗazu," in ji Hadijatu.

Ta ce a kai hannunta kusa. Malami ya tallafe ta ta miƙe, ta yi ta karanta bisimilla har yatsunta suka ji ɗumi. "Ashe dai ƙwan ne," ta ce. "Kamar yanzu kaza ta tashi bisa kai. Wa ya sa mashi suna wuta, don Allah? Mutanen birni ba su da aikin yi."

Ta jingine sandar. Malami ya fita bayan tanti ya zauna daɓas a ƙasa, yana ta alhamdu lillahi.

Ranar kwancewa, da hantsi, likita ya warware ƙyallen a hankali. Dada ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta dubi Hadijatu, ta dubi likita, sannan ta tsaya a kan mutumin da ke durƙushe gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai hannu ta shafa gemunsa.

"Kai wanga," ta ce, "yaushe ka yi furfura haka, ba wanda ya gaya man?"