Labule Mai Korayen Ɗigo

"Ya fito! Wallahi ya fito!"

Haka Maman 'Yan Biyu, telar da muke katanga ɗaya, ta faɗo mini gida da takalmi ƙafa ɗaya, tana kaɗa takardar asibiti. Na zaci haihuwa aka yi.

"Me ya fito?"

"Ciwona mana! Ashe yana da suna!"

Shekara bakwai yatsunta na sandarewa, fatar hannu ta ɗame tamau, kowane gwaji a ce lafiya lau. Mijinta, direban babbar mota, ya yanke hukunci: raki ne da son jiki. Maganar nan ta fi ciwon cin ranta. Sai da wata likita ta aika jininta gwajin garkuwar jiki asiri ya tonu.

Ta nuna mini hoton gwajin a waya: baƙin fili, korayen ɗigo na sheƙi.

"Kin ga sojojin jikina? Maimakon su tsare gida, ni suke yaƙa. Wai har sun taɓa huhu." Ta kwashe da dariya. "Amma dubi kyan zane, don Allah!"

Ni ina ta tunanin maganar huhun, ita kuwa koren zare take nema.

"Na karanta wa maigida takardar ta waya, ya ce likita ba ya rasa abin rubutawa. To labule zan yi da zanen nan. Duk shigowarsa ɗaki, sai ya ɗaga shaidata da hannunsa!"

Muka duƙufa. Ni zura zare, ita ɗinki, allura maƙale tsakanin yatsu biyu da suka ƙi lanƙwasuwa. Matan layi suna leƙowa, tana yi musu karatu.

"Wannan ɗigon, ranar da aka ce ƙarya nake yi." Tari ya sarƙe ta, ta huta. "Yi sauri, 'yar'uwa, ya kusa dawowa!"

Saura kusurwa ɗaya a gama labulen ta rasu, ranar Talata da hantsi, kwana biyu kafin motarsa ta iso. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Da mutane suka ragu, ya yi sallama a ƙofata, labulen a kafaɗa.

"Maƙwabciya, da hannun nan nata ta yi duk wannan?"

"Da shi."

Ya daɗe yana shafa ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

"Zura mini zaren."

Ya zauna a dakali, ya shimfiɗa labulen a cinya, manyan yatsunsa masu baƙin mai suna lalubar inda ta tsaya.