Masarar Gaggawa ta Baba Jatau

"Kawo min irin naku," in ji Baba Jatau daga kan tabarma. "Wanga mai gaggawa."

Sai da na leƙa fuskarsa in tabbatar ba zazzaɓi ke magana ba. Tun ina saurayin malamin gona, muna yawo a babur muna raba irin masarar da cibiyar binciken noma ta fitar, kusan kowa a Kwatarkwashi ya karɓa, ban da wannan maƙwabcin nawa. Masarar nan mai nuna da wuri ta raba gidaje da yawa da yunwar tsakiyar damina, amma shi yana nan kan doguwar dawar kakansa, wadda ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke. "Abin da yay yi saurin nuna ba shi da albarka," haka yake korata. Har na yi ritaya ban ci galabarsa ba.

"Baba, yau kuma?"

"Ba ni kai kaka, Muktar. Likitan Gusau bai hwaɗi ba, amma na ga idonai. So nika in ɗanɗana sabon abin da na shuka da hannuna."

Washegari na kawo masa irin.

A bayan gida muka shuka. Ina riƙe da shi, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Daga nan kwanakinsa suka zama kamar mafarki. Yana kwance yana kallon hadari na sauka kan duwatsu, yana hira da matarsa Hassana da ta daɗe da rasuwa, yana cewa ta kawo masa fura gona. In ya farka sai ya tambaye ni, "Masarar ta yi goyo?"

"Har ta fidda gemu, Baba."

Kullum da fargaba nake yin sallama a ƙofarsa.

Ran da na gasa masa ta farko, ba ya iya zama. Ya daɗe yana shinshina ta, idonsa a rufe. Ya ɓantari ƙwaya ɗaya, ya sa a baki, ya yi ta juya ta.

"Ba laihi," ya ce. "Amma ba ta kai dawa ba."

Kafin azahar ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga naɗe tabarmarsa. Masarar na nan gefen matashi, ƙwaya ɗaya ce kawai babu.