Hotunan gwajin haske

Ina juya faifan kwamfutar na ga bakinsa, na san akwai matsala. Haƙora jere biyu, irin da muke kira IDE, wanda faffaɗar waya mai kama da bel ke shiga. Kwamfutocin yanzu siririyar waya suke ci, ni kuwa rabona da waccan har na manta, duk da shekarun da na yi ina gyara.

Auta, 'yar Baba Mai Hoto, tana tsaye bakin shagona tana karanta fuskata. Ta ce faifan tsohuwar kwamfutar situdiyonsa ne. Tun da ciwo ya kwantar da shi, magana ɗaya yake maimaitawa, wai fuskar marigayiya matarsa, mahaifiyar su Auta, ta fara ɓace masa. Hotunanta na takarda kuma ruwan rufi ya cinye su tuni.

"Yaya, likita ya ce mu kira dangi," in ji ta.

Na rufe shago na bi layin masu gyara. Wani ya yi dariya ya ce in gwada gidan tarihi, wani ya ce ya auna nasa a kilo ya ba 'yan gwangwan. Haushi ya kama ni, amma da wane baki zan yi faɗa? Ni ma haka na yi da nawa.

Mai ɗab'i na ƙarshen layi ne ya cece mu. Injin yankansa ba ya jin maganar kowa sai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙura, cikinta kuwa ga faffaɗar wayar nan. Mutum ne mai riƙo, ko almakashi ba ya ba da aro. Da ya ji don wa ake nema, ya tsayar da aikinsa, ya ɗauko ta da kansa har ɗakin Baba.

Muka ɗora ta kan kujera kusa da gado. Haƙori ɗaya ya lanƙwashe, na miƙar da shi a hankali. Faifan ya yi gurnani, ya tashi.

Sai wata matsalar: Baba ba ya ajiye hoto da sunan mutum, da labulen baya yake jera su. Labulen teku, labulen fure, labulen bene. Muka yi ta buɗewa, duk unguwa ta fito, har ni da wandon makaranta, amma ban da mahaifiyar Auta. Auta ta fara share hawaye.

Leɓen Baba ya motsa. Na sunkuya.

"Ba ta son hoto," ya ce. "Duba gwaji."

Ashe kowace safiya, kafin ya buɗe situdiyo, a kanta yake gwada fitila in ta shigo shara. Ga ta nan ba adadi: riƙe da tsintsiya, ta harare shi, ta juya baya, wani hoton ya yi duhu, wani haske ya yi yawa. Auta ta tallafo kansa, ni ina dannawa ɗaya bayan ɗaya. A kan wani ya ɗaga yatsa, na tsaya.

Bai kai yamma ba, Allah ya jiƙansa. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Mai ɗab'i ya zo ɗaukar kwamfutarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a bar ta tukuna. An ja wa Baba mayafi. A allon, matar ta ɗaga hannu za ta kare fuskarta, dariya ta riga ta.