Uwar Mugu

Takardar ƙunshe gyaɗa ce ta fara kawo mujallun gidan Ɗaso. Tana soya gyaɗa cikin rairayi a bayan ɗakinta na kwano a unguwar Ka'akiyya cikin Makka, da safe ta ɗora tire a ka ta tafi Kudai inda motocin alhazai ke tsayawa, ta zauna a inuwar wani bango tana sayarwa. 'Yarta Zainabu kuwa wankau take yi a gidan wani attajiri a Rusaifa. Ɗan gidan yana sayen mujallu masu zane da ake kawowa daga Beirut ta Jidda, in ya gama karantawa ya watsar, Zainabu ta tattaro ta kawo wa uwarta.

Da farko Ɗaso yagewa kawai take yi tana naɗewa. Wata rana bayan la'asar ta ɗauki wani shafi za ta yaga, sai hannunta ya tsaya. An zana wani ƙato mai faffaɗan ƙirji, da mayafi yana kaɗawa a bayansa, ya riƙe wuyan rigar wani siririn mutum mai tabo a gira. An sa wa siririn ankwa, jini a leɓensa, amma ya ɗaga haɓa yana dariya.

Ta kira Zainabu ta tambaye ta me wannan ya yi. Zainabu ta yi karatu wurin wata malama a unguwa, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ta duba ta ce ai mugun labarin ne, ya haƙa rami a ƙarƙashin birni ya karkatar da kogin garin gaba ɗaya, mai mayafin nan da ke tashi sama kamar shaho shi ya kama shi. Ɗaso ta ce to dariyar me yake yi. Zainabu ta karanta abin da aka rubuta a saman kansa, ta ce cewa yake yi ba a gina kurkukun da zai riƙe shi ba tukuna.

Ɗaso ba ta yaga wannan shafin ba. Ta ajiye shi ƙarƙashin tire.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ranar da Zainabu ta dawo da sabuwar mujalla, sai su zauna a tabarma bakin ƙofa kafin magariba, uwar tana ɓare gyaɗa, 'yar tana karantawa tana juyawa zuwa Hausa, inda kalma ta ƙi zuwa ta bar ta da Larabci. Ɗaso ba ta taɓa riƙe sunayen mutanen ciki ba. Jarumin ta sa masa Mai Mayafi, mugun kuma Mai Tabo. In aka zo wurin da Mai Mayafi yake ceton yara daga gini mai cin wuta, sai ta ce Allah ya saka masa, a wuce gaba. In kuwa Mai Tabo ya bayyana, sai ta ajiye gyaɗar ta matso. Ya ƙera tsuntsayen ƙarfe da ke kwashe fitilun titi, ta ce kai, wannan akwai kai. Ya sulale daga kurkuku ta cikin bututun ruwa, ta yi dariya har da share ƙwalla. Ranar da Mai Mayafi ya maka shi da bango kuwa, ta ɓata rai ta ce mutum mai irin wannan ƙarfi bai kamata ya riƙa dukan wanda bai kai rabinsa ba.

Wata rana ta tambaya ko an taɓa nuna uwar Mai Tabo. Zainabu ta ce ba a taɓa ba, na Mai Mayafi dai an nuna iyayensa da gidansu. Ɗaso ta ce ai dama ba za su nuna ba.

Baraka maƙwabciyarsu, wadda ke sayar da turaren wuta, ta ga abin ya yi yawa. Ta ce tsohuwa da ita, a garin Makka, tana goyon bayan ɓarawo, kuma ta cika ɗaki da hotuna mala'iku su ƙi shiga. Ɗaso ta yarda da maganar hotunan. Ta kwashe mujallun ta sa a cikin wata tsohuwar garwa, ta ajiye a waje kusa da murhu. Goyon bayan Mai Tabo kuwa ba ta fasa ba.

Zainabu ta san dalili, ko da yake ba a taɓa faɗa mata ba. Ɗaso tana da ɗa na fari, Maman, kuma kamar kowace uwa ta garinsu ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Da shi suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, ita da mijinta Malam Garba, yana ƙaramin yaro. A hanya bayan Abeshe yunwa ta kama su, Ɗaso tana da ciki, ƙafafunta sun kumbura. Yaron ya ɓace da hantsi, ya dawo da ɗan akuya a kafaɗa. Malam Garba ya zane shi, ya ce ba zai je ɗakin Allah da haram a cikinsa ba, bai ci ba. Ɗaso ta ci. Cikin bai tsaya ba, amma ita ta rayu.

Sun yi shekaru a Jazira ta ƙasar Sudan suna tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgi, a can aka haifi Zainabu. Maman ya girma ya zama saurayi wanda ba ya sunkuyar da kai. Ranar da mai kula da gona ya mari Malam Garba a gaban leburori, malam ya yi haƙuri, shi kuwa Maman ya tare mutumin a bakin magudanar ruwa ya karya masa hannu. Aka shiga nemansa. Ya biyo iyayensa a ɓoye har Sawakin, amma a bakin teku uban ya ce ba da shi ba. Ya ce wanda ba ya iya riƙe hannunsa bai shirya shiga Harami ba. Ɗaso ta shiga kwalekwale, Zainabu goye a bayanta. Da ta waiwaya ta hango shi tsaye a kan duwatsu, bai ɗaga hannu ba, ya ɗaga haɓa yana murmushi don kada ta ga abin da ke ransa. Malam Garba ya rasu a Makka bayan 'yan shekaru, bai sake ambatonsa ba.

Sau ɗaya Zainabu ta gwada taɓa maganar. Ta ce, "Inna, wannan fa ba ya kama da Yaya. Fari ne, ga hanci kamar wuƙa."

Ɗaso ta ce, "Wa ya ce miki ya yi kama da wani? Karanta mini."

A shekarar da aka yi zafin nan da ya sa alhazai suka yi ta faɗuwa a Mina, mujallun suka yanke. An tura ɗan gidan attajirin karatu Masar. Ta ƙarshen da Zainabu ta kawo ta tsaya a tsakiyar labari: Mai Tabo yana gudu a cikin wani jirgin ruwa da ya ƙera, Mai Mayafi ya fasa jirgin, an zana hannun Mai Tabo kawai a saman ruwa. Ɗaso ta sa aka karanta mata sau da yawa, ko akwai wata kalma da aka tsallake. Babu.

Ta daina cin abinci sosai. Zainabu ta zaga kantunan da ke kusa da Harami, ba ta sami ci gaban ba, waɗanda ta gani na wasu jarumai ne daban. Da abin ya dame ta, sai ta ɗauko wata tsohuwar mujalla da uwar ba ta gani ba, ta zauna tana nuna hotuna tana ƙirƙiro labari, wai wani babban kifi ya ɗauki Mai Tabo ya kai shi tsibiri, ya tuba, ya zama manomi. Ɗaso ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce idonta bai mutu ba, ta ga Zainabu ba ta bin layin rubutu, kuma Mai Tabo ba zai yi noma ba ko da an kai shi Aljanna. Suka yi dariya tare, daga baya uwar ta juya fuska ta goge ido da bakin gyale.

Kowace shekara in alhazan Sudan sun iso, Ɗaso tana tambayar duk Bahaushen da ya tsaya sayen gyaɗa ko ya san wani ɗan Malam Garba Basakkwace. Shekara da shekaru amsar ɗaya ce. A aikin hajjin da ya biyo bayan yankewar mujallun, Baraka ce ta shigo da wani dattijo, Mukhtaru, Bahaushen Wad Madani wanda ya sauka a gidan ɗan'uwanta. Ta ce ta ji yana ba da wani labari, ta ga ya kamata Ɗaso ta ji da kunnenta.

Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo shayi. Mukhtaru ya ce akwai wani Maman da kowa ya sani a gaɓar Sawakin. Yana da kwalekwale mai filafilai, yana tsallako da masu niyyar hajji waɗanda ba su da takarda, ya sauke su a gaɓar da ke kudu da Jidda inda babu askarawa masu gadi. An kama shi an ɗaure ba sau ɗaya ba, kullum sai ya fito ya koma ruwa. Ya ce ba zai ɓoye mata ba, ba kowa ke yabonsa ba. Akwai waɗanda suka ce ya sauke su a wurin da suka yi ta tafiya babu ruwa har wani ya mutu. Akwai kuma tsofaffin da suka ce ya ɗauko su bai karɓi komai ba. Yana da faɗa, yana da mata da 'ya'ya, kuma 'yarsa ta fari sunanta Ɗaso.

Zainabu ta kalli uwarta. Ɗaso tana kallon kofin shayi.

Mukhtaru ya ƙara da cewa abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, duk yawan zuwan da yake yi, bai taɓa taka ƙasar nan ba. Yana tsayawa cikin ruwa iya gwiwa ya sauke mutane ya juya. In an tambaye shi sai ya ce babansa ya hana shi.

Baraka ta ce a aika wa Maman cewa Malam Garba ya yafe masa kafin ya rasu, ai ƙarya irin wannan ba laifi. Ɗaso ta ce a'a, yaron nan ba a yi masa wayo, zai gane.

Ta juya ga Mukhtaru ta ce, "Malam, ka gaya masa mahaifinsa ya rasu, yana maƙabartar Ma'alla. Ka gaya masa ni ina nan Ka'akiyya, ɗakin kwano kusa da mai turare. Ƙanwarsa ta girma. Kada ka ce na ce ya zo. Ka dai faɗa masa inda nake."

Kafin ya tashi ta je ta buɗe garwar, ta zaro shafin nan na farko mai ankwa da dariya. Ta nuna masa ta tambaya ko har yanzu haka yake tsayawa. Mukhtaru ya nisanta takardar daga idonsa, ya duba, ya ce shi bai ga kamar komai ba, Maman baƙi ne kakkaura, gemunsa ya fara furfura. Ɗaso ta maimaita kalmar furfura a hankali, kamar ba ta san ma'anarta ba.

Alhazai suka watse, Makka ta koma shiru. Ɗaso ta sa Zainabu ta ɗinka sabuwar katifa, ba ta ce ta wa ba ce. Ta riƙa dawowa daga Kudai da wuri. In ta ji takun namiji a lungu sai ta gyara zama, in ya wuce ta ci gaba da aikinta. Haka har Ramadan ya zo ya wuce.

Cikin Shawwal, wata safiya, aka yi sallama a ƙofa. Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ƙafafunta duk sun tsattsage, da ƙullin kaya a ka. Ta ce sunanta Hajo, daga Damagaram ta taso tun tana da sauran ƙarfi. Mai kwalekwalen da ya tsallako da su ne ya ware ta a bakin ruwa, ya ce in ta isa Makka ta nemi Ɗaso mai gyaɗa a Ka'akiyya, za ta ba ta wurin kwana. Ta kwance ƙullin ta fito da busasshen kifi a naɗe cikin tsumma, ta ce ya ce a kawo.

Ɗaso ta karɓa ta shinshina. Ta tambaya ko ya ce wani abu kuma.

Hajo ta yi tunani. Ta ce, "Ya ce in ce miki kada ki cika gishiri, kifin da gishirinsa. Ya juya zai tafi, ya dawo ya ce in duba masa ko ƙafarki tana kumbura har yanzu."

Ɗaso ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, ta ja zane sama kaɗan ta ce to ta duba da kyau, don in ta koma za a tambaye ta.

Hajo ta kwana a sabuwar katifar, ta yi hajjinta daga gidan. Bayan ita wasu sun zo, kusan kowace shekara, yawanci tsofaffin mata, wani lokaci da kifi, wani lokaci hannu wofi. Ɗaso takan zaunar da kowace ta yi mata tambayoyi: ya rame ko ya yi ƙiba, yana tari, me ya saka, ya yi faɗa da wani a hanya. Daga bakinsu ta ji ya rasa haƙori ɗaya, ta ji an sake ɗaure shi ya fito, ta ji ya aurar da takwararta. Shi bai zo ba har Ɗaso ta rasu. Shekarar da ta biyo baya wata mata ta iso ƙofar da ƙullinta tana tambayar mai gyaɗa, Zainabu ta karɓi kayan ta shigar da ita, ta ɗora ruwan zafi.