Shafi Goma Sha Ɗaya a Kan Maƙwabciyata

Mu biyu muka nemi gidan ƙasan bene da ya fito a gininmu, ni da maƙwabciyata da nake kira Mai Labule. A hawa na huɗu muke, ƙofa na kallon ƙofa. 'Yata, wadda muke ce wa Tsuntsuwa, shekararta huɗu, ƙafarta ta hagu tana cikin takalmin ƙarfe, kullum a bayana take hawa benen nan.

Hukumar gidaje ta ba Mai Labule, wai surukarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Na kai kuka gaban kwamitin sauraron ƙorafi, suka ce rabon ya yi daidai: ita ta haɗa da takardar likita, ni ban haɗa ba.

Ranar da ta tare ina tsaye a taga. Ta rataya labule ruwan zuma, ta jera tukwanen fulawa a ɗan filin da na riga na auna da ido, inda na so in riƙa shimfiɗa wa 'yata tabarma.

"Maman Tsuntsuwa, ki riƙa sauko da ita tana wasa a nan mana," in ji ta.

"Allah ya sanya alheri," na ce, na rufe taga. Daga ranar, in zan wuce ƙofarta sai in kau da kai.

Da na ce kotu zan je, maigidana ya ce, "Ki karɓo takardar likitan ki sake cika fom. Ki bar maganar kotun nan."

"Kai dai ba ka da zuciya. Ko labulen ne ya tafi da hankalinka?"

"Ni da ko na ɗakinmu ban san kalarsa ba?"

Takardar likita dai na karɓo ta, na jefa a jaka. Ƙarar kuwa da hannuna na rubuta, kullum in yarinya ta yi barcin rana. Na rubuta cewa na ga surukar ta ɗaga hannu ta kori ƙuda. Na rubuta motar da mijin Mai Labule ya canza, da yadda take tafawa da wata ma'aikaciyar hukumar. Shafi goma sha ɗaya cif.

Wata uku muka yi kafin a kira mu. Alƙaliyar dattijuwa ce mai tabarau, ta jera takarduna a gabanta.

"Malama, na karanta duka. Wace doka kwamitin ya karya?"

"Ranki ya daɗe, wallahi matar nan ba ta fi ni buƙata ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Sun hana ki magana?"

"A'a."

"Kin kai wata takarda sun ƙi karɓa?"

Na ce ban kai ba.

"To kotun nan ba ta rabon gida. Nawa shi ne in duba ko sun bi ƙa'ida, kuma sun bi." Ta leƙo ta saman tabarau ta ga Tsuntsuwa a cinyata. "Wannan ce yarinyar? Sai da na kai shafi na tara na san kina da 'ya. Kalar labule kuwa tun a na farko na san ta."

Wani ya yi dariya a baya. Alƙaliyar ta ce ƙarar ba ta da tushe, ta kore ta. Ko minti goma ba mu yi ba.

Ban koma gida ba. Na goya Tsuntsuwa na wuce ofishin hukumar, na ajiye takardar likita a gaban akawu.

Ya karanta, ya dafe kai. "Kash, Hajiya! Ai wani gidan ƙasa ya fito a ginin bayanku, ranar Alhamis aka rufe karɓar fom. Da wannan takardar, da wuya wani ya sha gabanki."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Sati shida sanarwar tana liƙe a allon gininku, dab da ƙofar matar nan da ta tare a ƙasa. Ba ta nan kike wucewa ba?"

Ta nan nake wucewa, safe da yamma, fuskata a bango.

"Sai yaushe kuma?" na tambaya.

"Sai wani ya tashi. Ko wata biyu, ko shekara biyu, Allah masani."

Tsuntsuwa ta ja mini mayafi. "Mama, mun ci shari'ar?"

"Ba mu ci ba, uwata."

Na ce wa akawun ya ba ni fom ɗin duk da haka. Na zaunar da ita a kan kantar ofishin, na ari bironsa, na fara da sunanta.