Shimfiɗar Mage

"Ba zan faɗa ba, Yaya Kamalu. Ko sama da ƙasa za su haɗu."

Muhsina ta ajiye kwalin a kan turmi, ta harɗe hannuwa. Kamalu, ɗan maƙwabciyarsu Inna Hansai, ya iso Ajingi da hantsin nan ɗauke da wata 'yar shimfiɗar roba mai waya, faɗinta bai wuce faifai biyu ba. A kasuwar Gaya wani mai talla, Gwadabe, ya sayar masa. Ya ce akwai maganaɗisu a ciki da ke bugawa sannu-sannu yana wanke jini, amma sai mara lafiya ya bar ƙwayar asibiti, don ba sa ga maciji da juna.

"Maganarki Inna take ji, tunda ke ce 'yar boko," in ji Kamalu. "Ki ce mata an rubuta na hawan jini ne, shi ke nan."

"Ai na karanta."

Ta sa farce ta ɓare takardar da aka liƙa a jikin kwalin. Sai ga hoton wata mage mai gashi buzu-buzu, kwance a kan irin shimfiɗar.

"Ka gani? Turawa ke shimfiɗa wa magensu in ta tsufa gaɓoɓi suna ciwo. Babu inda aka ambaci ɗan Adam."

"To magen ba jini ne a jikinta ba? Daga gama makarantar lafiya kin fi kowa sani!"

Daga ɗaki Inna Hansai ta ɗaga murya. "Likita, shigo mana, hayaniyar me kuke yi?"

Likita take ce mata tun ranar da Muhsina ta fara zuwa kowace safiya tana ɗaura mata abin awon jini, tana tsaye a kanta har ta haɗiye ƙwaya. Tsohuwar ba ta haifi mace ba. Har wasiyya ta bar mata a gaban mutane: "Ran da na cika, ke za ki zuba mini ruwan wanka. Hannunki ba ya rawa."

Muhsina ta durƙusa ta zayyana mata komai, ta nuna mata hoton. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi tsohuwar magenta mai ɗingishi da ke kwance a bakin gado, sannan ta dubi Kamalu da ya tokare ƙofa, gumi na tsatsafo masa.

"Ɗana ba zai kawo mini maganin mage ba," ta ce. "Tashi ki tafi gida, Muhsina."

Da sunanta ta kira ta, ba Likita ba.

"Kada ki ƙara tako mana gida sai kin janye maganarki," in ji Kamalu.

A gida uwarta, Zuliha, ta sa ta gaba. "Ke ki je ki ce kuskure kika yi. Bakinki zai tsage ne?"

"Umma, in na ce kuskure ne, na sa hannu ta bar shan magani."

"An riga an bar shi ai. Taurin kai kawai ya rage miki."

Ba ta je ba. Kwana goma sha tara tana jiyo tarin Inna ta kan katanga. Sau biyu tana ƙulla ƙwaya a leda ta ba Murja, matar Kamalu da aka bari tana jinya, sau biyu ana dawo mata da ita a ƙulle. Matan unguwa kuwa in ta wuce sai a yi ƙus-ƙus: ga mai boko, wadda ta kira tsohuwa mage.

Ranar wata Laraba, ana shirin azahar, ta ji salati ya tashi a gidan. Ta zari mayafi ta fita ba takalmi. A zaure Kamalu ya tare ta, idanunsa jajur.

"An samu mai zuba ruwa," ya ce.

Bayan sadakar uku Murja ta same ta a bakin rijiya, ta rage murya.

"Ta sani fa. Ta ce mini tun da kika nuna mata hoton ta yarda da ke. Ta ce, 'Likita ta yi gaskiya, amma ba zan kunyata shi a gaban 'yar maƙwabta ba.'"

"Ta neme ni?"

Murja ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da jan guga.

Da la'asar Muhsina ta taka bulo ta leƙa ta kan katanga. An fitar da kayan ɗakin an jingine gadon a bango. Shimfiɗar tana yashe a gindin darbejiya, magen ta naɗe a kai tana barci.

Muhsina ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Abin da hakan ya ci mata shi ne kwana goma sha tara na ƙarshe, da neman gafara, da butar da wata ta riƙe a madadinta. Ta tsaya nan a kan bulon har inuwa ta rufe magen.