Ruwa Zalla

—kuma wai shi za a karanta wa takarda. Shi. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye gaban teburin guga, ƙafafu su kumbura su sace su sake kumbura, yau ga shi a gidan ɗansa, matar ɗan ta buɗe masa 'yar takarda mai hotuna tana bin layi da yatsa. “Baba, a cire wayar daga soket kafin a zuba ruwa. Baba, in za a ajiye shi a tsayar da shi a kan gindinsa. Baba, ruwa zalla don Allah, kar a haɗa da komai.” Baba, Baba... Ya ce ta je ta yi wankanta. Ta tafi tana waiwaye kamar wadda ta bar jariri kusa da murhu.

To ga abin nan a hannunsa. Dutsen guga, wai. Ina dutsen? Roba ce shuɗiya da wutsiyar waya, nauyinta bai kai na kofin shayi ba. Nasa na gaskiya, na gawayi, mai kan zakara a murfi, yana can an tokare ƙofar kicin da shi tun ranar da likita ya ce hayaƙi ya cinye masa ƙirji. Likita ma... yaron da ko kwalar rigarsa ba ta kwanta ba.

Rigar tana shimfiɗe a kan bargo. Farar rigar aiki, ita kaɗai ce, jiya aka karɓo ta daga wurin tela, don yau surukar tasa za ta fara aiki a matsayin shugabar ma'aikatan jinya, ƙarfe takwas, ga shi yanzu bakwai da kwata. Shi ya karɓe rigar daga hannunta. Dole ya karɓe — daga tsakiyar baya fa ta fara. Tsakiyar baya. Mace da digiri biyu ba ta san daga kwala ake farawa ba, sai kafaɗa, sai hannu, jiki a ƙarshe. Su dai a danna, abu ya yi fuu, a ce an goge. Wannan ba guga ba ce, shafa ce.

Yau za su gani. Wata takwas yana zaune a gidan nan ana ajiye masa abinci ana ɗauke kwano, Baba huta, Baba kar ka ɗaga, Baba bar shi. Mutumin da alƙalai ke aiko wa riguna da direba... Yau in ta shiga asibitin nan sai wani ya tsayar da ita ya tambayi wa ya fitar da wannan karin guga. Abin da ya rage masa ke nan, kuma ya ishe shi.

Sai dai farar riga ba sitaci? Tsumma ke nan. Ga nasa a gwangwani, tun da safe ya dama, kauri daidai. Da can sai ya tsoma yatsu ya yayyafa, ya naɗe rigar ta sha, ya jira. Babu lokacin jira. Amma wannan abin ai ciki gare shi, kuma shi ke fesawa da kansa, to me zai hana? Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa goge ko hankici ba, ina za su yi wannan tunanin? Ruwa zalla... na malalata ke nan. Yana zare wayar daga soket — ba don ta faɗa ba, shi ma ya san wuta da ruwa ba sa shiri — yana tsiyaya sitacin ta 'yar kafar zuba ruwa, a hankali, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Hannun bai tsufa ba.

Ya mayar da wayar, 'yar fitila ta kama. Wai sai ta mutu sannan zafi ya kai. Fitila ce za ta gaya masa zafi? Yana ɗaga dutsen kusa da kumatu yadda ya saba, babban yatsa ya taɓa wani madanni, tururi ya watso masa a fuska — kai... ɗan banzan abu, cizo ma yake yi. Kumatun na raɗaɗi. Nan dai, daidai nan maigidansa ya mare shi yana ɗan shekara sha shida, a bayan shago, ranar da ya ɗora dutse kai tsaye a kan rigar mutane. Tsumma tukuna, in ji maigida. Kowane dutse, kowace rana, a fara gwada shi a kan tsumma, sannan gefen riga ta ciki. Bai taɓa tsallake wannan ba, ko ranar da aka yi jana'izar matarsa ya dawo ya tarar da kaya jibge. Amma wancan dutse ne, ana girmama shi. Wannan kayan wasan yara ne, a ba shi tsumma don me?

Kwala. Ta kwanta. Kafaɗa... to, ba laifi, yana tafiya, santsi gare shi, a bar shi da wannan. Hannun dama, kari ya fito siriri, miƙaƙƙe. Ina take ta zo ta gani? Ta zo da takardarta. Marigayiya takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta ce, kai dai da riga za ta yi magana da ita ka aura — wata ƙara. Ƙurr, ƙurr, daga cikin cikin abin, kamar maƙogwaron mai mura. Da ƙauri kaɗan. Nasa in zai yi ɓarna toka yake fara zubarwa, ya san harshensa. Wannan me yake cewa? Ba ya cewa komai, roba ce. Saura gaba kawai, wajen aljihu, inda za ta maƙala sunanta.

Ya danna. Abin ya yi tari, ya tofo.

Ruwan ƙasa-ƙasa, mai danƙo, ɗigo huɗu, biyar, a kan ƙirjin hagu. Sitacin ne ya dahu a ciki ya ƙone. Kafin kansa ya gama ganewa hannun ya riga ya bi ta kai, gaba da baya, da ƙarfi, yadda ake yi wa kari mai taurin kai... Zafi a kan tabo. Shi da ya shekara arba'in yana gaya wa mutane in tabo ya sha zafi ya zauna ke nan har abada. Shi ya zaunar da shi. Faɗinsa ya kai tafin hannu yanzu.

Sabulu? Ba zai fita ba. Ko ya fita yaushe ta bushe? Bakwai da rabi ta wuce. Laifin abin ne, ai kowa ya ga — a'a. Ruwa zalla, ta ce. Har da don Allah ta haɗa. Da ma da tsawa ta faɗa, da ya samu abin riƙewa. Kuma ya san ba za ta yi faɗa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Za ta kalli rigar, ta kalli kumatunsa, ta tafi neman man ƙuna. Ba komai Baba. Gobe dutsen ya koma saman kabad, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ruwan banɗaki ya daina zuba. Takun silifas a baranda, jiƙaƙƙu, suna matsowa.

“Baba, an gama? In shigo?”

Yana duban hannunsa, ya ga ya riga ya tsayar da dutsen a kan gindinsa, ya zare wayar, daidai yadda ta ce... kuma ƙafafun nan, tun yaushe suke masa ciwo haka?